Wuƙa Mai Tsatsa, Marar Tsatsa da 'Yar Ruwa-Biyu

A kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, wuƙar mai fere lemo dabam take da ta mahaucin da ke can gefen titi. Ta mai lemo 'yar ƙarama ce, fara sol, tana yini cikin ruwan tsami ba ta sauya launi. Ta mahauci kuwa baƙa ce, jikinta duk dabbare-dabbare, ƙotar ta sha maiƙo har ta yi santsi, cikinta ya rame saboda yawan washi. Da za a miƙa masa farar nan kyauta, zai yi godiya ya kai wa uwargida, ya dawo ya ɗauki baƙarsa. Shi ma mai lemo da za a ba shi baƙar, kafin azahar lemonsa ya soma ɗanɗanon ƙarfe, masu saye sun koma wajen maƙwabcinsa. Kowannensu yana da gaskiya. Wanda ya san dalilin gaskiyar tasu su biyun shi ne maƙeri, kuma sanin nan nasa ne nake ganin ba a ba shi girman da ya kamace shi ba.

Je maƙerar da aka san aiki, a Kumbotso ko Panshekara ko Kura, ka ce, "Baba, a ƙera mini wuƙa." Ba zai fara da maganar kuɗi ba. Zai ce, "Ta wane aiki, ɗan nan?" Ta fiɗa ce ko ta sara ƙashi? Ta yankan tumatir ce da za a shanya, ko ta kicin ce da za a wanke a jefa cikin kwando da danshinta? Amsarka ce za ta nuna masa inda zai miƙa hannu a cikin tarin ƙarafan da ke bayansa.

Tarin nan, ga wanda bai sani ba, bola ce. Ga shi kuwa kowane guntu da halinsa. Rodin gini ba ya kallonsa in maganar kaifi ake yi, domin komai ruwan da aka ba shi ba ya yin tauri. Tsohon sifirin mota, irin wanda ake samu wajen 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa, shi ne abin hannunsa na yau da kullum: yana ɗaukar kaifi, yana jure duka. Mataccen magagari ya fi sifirin kaifi amma ya fi shi saurin karyewa, don haka sai aska da ƙananan wuƙaƙe. Zoben boris ma yana yin wuƙa mai kyau, sai dai yana gajiyar da mai masaba kafin ya miƙe. In guntu ya rikita shi, sai ya ɗora shi a kan injin washi ya dubi tartsatsin. Ƙarfe mai laushi yana fitar da dogon tartsatsi miƙaƙƙe. Mai kyau kuwa tartsatsinsa na tarwatsewa a ƙarshe, yana yin rassa. Wani ma ƙwanƙwasawa kawai zai yi a kan uwar maƙera ya saurari amon.

Abin da yake karantawa a tartsatsin nan shi ne yawan sinadarin kabon, wato ainihin abin da ke cikin gawayi. Rodi ba ya wuce kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin 100. Sifirin yana da kusan 0.6. Magagari da boris suna kaiwa kashi 1 ko fiye. Ɗan wannan bambanci, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, shi ke raba ƙarfen da zai yi aski da wanda ba zai yanka kuɓewa da kyau ba. Mutanen ƙasar Kano sun daɗe da ƙarfe a hannu. Masu tonon kayan tarihi sun sami alamun narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, labarin kafuwar birnin kansa ma yana ambaton maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacen inji suka yawaita, narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Idon da ke bambance ƙarfe da ƙarfe bai mutu ba, ya koma kan sifirin.

Inda gwanintar take taruwa shi ne wajen ba wa wuƙa ruwa. An gama ƙira, an daidaita baki da magagari. Yaro na kan zugazugi, gawayin ƙirya ya kama sosai, domin shi ne ba ya saurin cinyewa kuma zafinsa na da ƙarfi. Maƙeri ya kama wuƙar da awartaki ya tura ta cikin garwashin, yana ja yana mayarwa don kada tsinin, da yake shi ne siriri, ya riga gindin nuna. Ba ya son hasken rana a kan aikin a wannan lokaci, saboda launi yake jira, kuma rana tana ɓoye launi. Ja mai duhu bai isa ba. In ya wuce zuwa ruwan goro mai haske, an ƙona ƙarfen, wuƙar za ta fito da gautsi. Jan da yake nema yana tsakanin nan, wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, kusa da inda mayen ƙarfe ke daina kama ƙarfen. Da ya gan shi ba ya jira. Ya zare, ya tsoma baki a ƙasa cikin baƙin mai ko ruwa, hayaƙi ya tashi. Sai ya goga magagari a bakin. In magagarin ya zame yana ƙara bai ci komai ba, ruwa ya kama.

A wannan halin wuƙar ta yi tauri fiye da kima, da za ta faɗi a kan siminti sai ta tsage. Saboda haka sai ya goge gefenta da dutse har ta yi fari, ya kanga bayanta a kan garwashi, ya zuba ido. Launi zai soma tafiya daga baya zuwa baki: fari ya koma ruwan karan dawa, ya koma ruwan ƙasa, ya koma shuɗi. Wuƙar yanka, da ruwan kara ya isa bakin, wajen digiri 220 zuwa 230 ke nan, sai ya sake tsoma ta. Adda da za ta sha sara a bar ta ta matsa kusa da shuɗi, wajen digiri 300, ta rage tauri ta ƙara juriya. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu ake yanke hukuncinsa, ba ma'auni, ba agogo. Nakan tsaya kallon wannan wuri fiye da dukan ƙarfen kansa, don a nan ne mutum ke zaɓar rabon da zai bai wa kaifi da rabon da zai bai wa juriya.

Aibin wuƙar da ta fito daga wannan hannu ɗaya ne: tsatsa. A lokacin hunturu ba a cika damuwa ba, iska a bushe take. Da damina kuwa, a bar ta da jini ko ruwan tumatir dare ɗaya, da safe ta yi ja. Tana baƙanta albasa, tana sa wa kayan tsami ɗanɗano. Mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam sun fi kowa sanin haka, domin tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya shiga gonakin Kadawa, aikinsu rani da damina cikin laima yake. Lauje yana yini cikin shinkafa da taɓo. In tumatir ya yi kwantai a Kwanar Gafan, masu tsaga shi suna shanyawa sukan yi yini guda hannu da wuƙa cikin ruwansa.

Maganin tsatsa daga Ingila ya fito. A 1913, a birnin Shefil, wani mai suna Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai jure zafin bakin bindiga, ya haɗa wani mai ɗauke da sinadarin kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100, da kabon 0.24. Sai aka ga ruwa da tsami ba sa cin sa. Dalilin kuwa, kuromiyam da ke saman ƙarfen yana haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ta rufe ƙarfen. In an karce ta, nan take wata ta sake fitowa. Ƙa'idar da aka tsayar ita ce sai kuromiyam ya kai kashi 10.5 kafin a kira ƙarfe marar tsatsa. Shi ne ƙarfen cokula da farantan da muke ce wa silba, shi ne kuma na fararen wuƙaƙen da suka cika kasuwannin Sabon Gari da Wambai.

Mahauci bai yi ƙarya ba da ya ce farar wuƙa ba ta riƙe kaifi, amma wadda ya sani yake nufi. Galibin masu arahar nan da ake shigowa da su daga Sin an yi su ne da ƙarfe mai kuromiyam kashi 13 da kabon wajen 0.3, rabin na sifirin ke nan. Ba a ƙera su ba, buga su inji ya yi daga falle. Bakinsu ba ya guntulewa, lanƙwashewa yake yi, shi ya sa za ka ga mace tana goga wuƙarta a bakin dakali kowace safiya. Laifin ba na kuromiyam ba ne shi kaɗai, ƙarancin kabon ne da tsumulmular masana'anta.

Waɗanda suka bi wannan magana har ƙarshenta su ne Japanawa. Ƙasa ce ta maƙeran takobi, kuma a 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi, sai maƙera da yawa suka juya ga wuƙar girki da kayan aiki. Garin Sakai, kusa da Osaka, tun ƙarni na 16 ya yi suna da wuƙaƙen yankan taba, har yau kuma a can aikin kashi uku ne: mai ƙira dabam, mai washi dabam, mai sa ƙota dabam. Akwai kuma Seki da Sanjo da Takefu. Ƙarfensu na gargajiya, wanda masana'antar Yasugi, wadda a da ta kamfanin Hitachi ce, ta yi fice da shi, ɗan'uwan magagarin maƙerinmu ne: kabon sama da kashi 1, kuromiyam babu ko ɗan kaɗan. Iri biyu ne sanannu, Shirogami da Aogami. A ma'aunin tauri na Rockwell suna kaiwa 60 zuwa 64, alhali wuƙaƙen Jamus na kicin suna tsayawa 56 zuwa 58. Kaifinsu ba a magana. Tsatsarsu ma haka, mai dafa abinci a can yana aiki da tsumma a gefe, yana yanka yana gogewa.

Da suka so wuƙar da ba ta tsatsa kuma ba ta ba da kunya, sai suka ƙara kabon a cikin marar tsatsan. VG-10 na kamfanin Takefu yana da kabon kusan kashi 1, kuromiyam 15, da ɗan wasu sinadarai masu ƙara ƙarfi. Ginsan na Yasugi yana da kabon kusan 1 da kuromiyam 13 zuwa 14 da ɗoriya, ba a cika masa gauraye ba, shi ya sa masu washi ke yabonsa da cewa yana bin dutse kusan kamar na gargajiya. Waɗannan suna kaiwa 60 ko 61 a tauri. Da mahaucinmu zai gwada su da ya sauya magana a kan farar wuƙa, ko da yake farashinsu kaɗai ya isa ya mayar da shi wajen Baba maƙeri.

Amma ba a tauna taura biyu a lokaci guda, kuma a nan ne ilimin ya fi daɗi. Kabon da kuromiyam ba sa zama a ƙarfe ɗaya kowa ya kama gabansa. In kabon ya yi yawa, yakan janye wani kaso na kuromiyam su dunƙule su zama ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen, kamar tsakuwa a cikin kankare. Ƙwayoyin nan suna hana bakin wuƙa saurin cinyewa. Sai dai kuromiyam ɗin da ya shiga cikinsu ya tashi daga aikin tsare tsatsa. Dubi ƙarfen da Japanawa ke kira SKD11, Amurkawa kuma D2: kuromiyam ɗinsa wajen kashi 12, kusan daidai da na Brearley, amma kabon ɗinsa 1.5, sama da ninki shida. Na Brearley ba ya tsatsa. Wannan yana yi, a hankali. A takarda ya haye ƙa'idar 10.5, a kicin kuwa in an bar shi da ruwan lemon tsami sai ya yi ɗigo-ɗigo. Shi ya sa ake lissafa shi cikin ƙarafa 'yan ruwa-biyu, waɗanda ba su zama marasa tsatsa ba, ba su kuma zauna cikin masu saurin tsatsa ba.

Ɗaya ɗan ruwa-biyun da wasu maƙeran Sanjo suka riƙe shi ne SKD12, mai kabon kusan kashi 1 da kuromiyam wajen 5. Shi bai ma yi kusa da ƙa'idar ba. Ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma ba su da yawa, don haka yana wasuwa da sauƙi, bakinsa yana fitowa sumul, ba ya saurin guntulewa. Ruwan tumatir ko albasa ba ya mayar da shi ja nan take, sai dai a hankali ya yi toka-toka, kuma launin tokar nan ba cuta ba ce, har kariya yake ƙarawa. SKD11 kuwa yana daɗewa bai dakushe ba, amma ranar da ya dakushe mai washi zai ji a hannunsa, kuma manyan ƙwayoyin nan sukan ɓalle in an sirantar da bakin da yawa ko an sari ƙashi.

A ganina, da za a tambayi irin aikin da ake yi tsakanin Kumbotso da Bunkure, ga yadda rabon zai faɗi. Mai lemo da uwargidan da ke wanke-wanke da yawa, marar tsatsa ne nasu, ba gardama. Mai kilishi, wanda ke buɗe tsoka ya shimfiɗa ta siririya har ana hango haske ta cikinta, yana taɓa dutse sau da yawa a yini, don haka ba abin da ya fi masa ƙarfen da ke amsa washi da wuri, tsatsa kuwa maiƙon nama ya tsare masa ita. Mai tsaga tumatir shi ne ɗan ruwa-biyu zai fi yi wa rana, irin SKD12: fatar tumatir ba ta yarda da dakusasshiyar wuƙa, sai ta matse shi ruwan ya zube, ga kuma tsamin da ke cin baƙin ƙarfe. Lauje dai ya zauna a kan sifirin. Karan shinkafa yana ɗauke da sinadarin yashi mai cin baki, shi ya sa ake yi wa laujen haƙora, kuma abin da za a riƙa sake wa haƙora da magagari ba ya son ƙarfen da magagari ba ya ci.

Akwai dalilin da ya sa ba ka ganin maƙeranmu suna ƙera marar tsatsa, kuma ba rashin iyawa ba ne. Ƙarfe mai kuromiyam da yawa sai an kai shi wajen digiri 1,050, a riƙe shi a nan ba hawa ba sauka na wani lokaci, kafin ruwa ya kama. Kuskuren digiri kaɗan yana ɓata shi, kuma launi ba ya faɗin wannan daidai. Aikin tanda mai lantarki da ma'auni ne. Hatta a Japan ba kowane maƙeri ne ke dukan marar tsatsa da hannu ba, waɗanda ke yi ana ambaton su da girmamawa. Dabarar da suka fi amfani da ita ita ce haɗa falle uku: ƙarfe mai tauri a tsakiya, mai laushi a gefe da gefe. Yanzu ma har suna lulluɓe Aogami ko SKD12 da marar tsatsa, ya zama siririn bakin kaɗai ne ke a waje. Jikin wuƙa ya huta da tsatsa, baki ya riƙe kaifinsa, mai ita kuma ya rage gogewa.

Washi shi ne rabin aikin da ya rage, kuma a nan ake kashe wuƙaƙe da yawa. Idan Babbar Sallah ta matso, kowa ya fito da wuƙaƙensa, da yake addini ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba. Masu injin washi sai su cika da aiki. Wanda bai ƙware ba zai danna bakin a kan dutsen da ke juyawa a bushe har ya ga ya yi shuɗi. Shuɗin nan shi ne dai wanda maƙeri ya hana shi isa bakin a ranar ba da ruwa, yanzu ga shi ya isa, taurin ya tafi. Gwani yana ajiye gwangwanin ruwa kusa, taɓawa kaɗan ya tsoma. Ƙarshen aikin kuma a kan dutse yake da hannu, da ruwa, yana kwantar da wuƙar a kusurwa ɗaya ba ya sauyawa, har sai ya shafa babban yatsa daga baya zuwa baki ya ji wani ɗan zare na ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen. Sai ya juya ya yi wa wancan gefen haka. A baƙin ƙarfe zaren nan yana faɗuwa da kansa bayan 'yan shafe-shafe. A marar tsatsa yana da naci, ya lanƙwasa nan ya koma can, sai an bi shi da haƙuri a kan fata ko katako. Wanda ya bar shi zai ga wuƙa ta yi aski da safe, ta mutu kafin la'asar, ya ɗora wa ƙarfen laifi.

Ɗan ruwa-biyu ma ba baƙo ba ne a ƙasar Kumbotso, ko da ba a san shi da sunan ba. SKD11 asalinsa ba don kicin aka yi shi ba, ƙarfen masana'anta ne: da shi ake yin wuƙaƙen injin yankan falle da na injin niƙa roba, irin injinan da ke aiki a wurare kamar Challawa da Sharaɗa. In sun gama aiki, tarin 'yan gwangwan suke komawa. Maƙerin da ya ci karo da guntunsa zai gane shi da wuri. Tartsatsinsa gajere ne, kaɗan, mai duhu. Magagari ba ya cin sa. Ya daɗe a ƙasa amma tsatsarsa sama-sama ce. Wanda ya yi gaggawa ya sa shi a wuta ya tsoma a ruwa, zai ji ƙas, ya tsage. Wanda ya san hali ba ya kai shi wuta sam, domin masana'antar da ta yi shi ta riga ta ba shi ruwa a tanda fiye da yadda gawayi zai iya. Sai ya zauna da shi a gaban dutse da gwangwanin ruwa, ya ci shi a sanyi kaɗan-kaɗan har baki ya fito, ya bar bakin da ɗan kauri saboda ƙwayoyin nan, ya sa masa ƙota, sannan ya gaya wa mai saye ya nisanta ta da ƙashi.